Abin da Ban Sa a Rahoto Ba

Ni ce mai ɗaukar rahoton zama.
Kujerata tana can ƙarshen tebur,
inda iskar fanka ba ta isowa.
Ranar Laraba da hantsi aka buɗe fayil na bakwai:
tsohon fuloti a Unguwar Rimi,
gidan wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ya kwanta dama,
magada tara, mangwaro uku, rijiya ɗaya da ta ƙafe.

A taswirar hukuma wurin rawaya ne,
wato gida ɗaya, iyali ɗaya, rufi ɗaya.
Alhaji Sambo Ɗangiwa yana so a mai da shi ja:
hawa shida, gidaje arba'in da takwas,
kowa ya sayi nasa, ya riƙe takardarsa,
matakala da tanki da ƙofar waje kuwa na kowa ne.
Ya zo da ginin kwali a cikin gilashi,
har da 'yan itatuwan soso masu rowar ganye.

Injiniya Bulus Kazah ko kallon kwalin bai yi ba.
Ya ce kwalbatin layin nan ta girme shi,
duk Agusta takan shaƙe da ruwan gida goma sha biyu,
ina za ta kai wankan mutum ɗari biyu?
Taransifomar ma tari take yi da dare.
Na rubuta: an tattauna magudanar ruwa.

Sai Gwaggo Asabe ta miƙe, mai katanga ɗaya da filin.
Ba ta zo da takarda ba, carbi ne a hannunta.
Ta ce, shekara talatin ina tsefe kaina a tsakar gidana,
ba mai ganina sai Allah sai shirwa.
Yanzu daga sama za a ƙirga naman miyata.
Rana kuma fa?
Ƙarfe nawa za ta iso igiyar shanyata?
Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.
Na rubuta: an ji ta bakin maƙwabta.

Daga baya can, wani malamin lissafi, Ɗanjuma,
alli bai gama fita daga farcensa ba,
shekara goma sha tara yana haya a Rigasa,
ya ce, ƙasa ba ta haihuwa, mu ne ke haihuwa.
In gari ya ƙi yin sama, mu za a tura daji.
Ni ɗaki biyu nake so, da ƙofa mai sunana.
Wani ya raɗa masa farashin.
Ya zauna a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai.
Wannan ban san yadda ake rubuta shi ba.

Shugabar zama, Hajiya Gambo Lere, ta cire tabarau,
ta daɗe tana murza tsakanin idanunta.
Mudu ɗaya aka ba ta,
aka ce ta auna inuwa da riba da ruwan sama
da barcin waɗanda ba a haifa ba tukuna.
Hannu huɗu suka tashi, uku suka tsaya kan tebur.

Hawa huɗu, ba shida ba.
A fara da kwalbati kafin a sauke bulo ko ɗaya.
Tagogin gabas a ɗaga su sama da kan mutum.
A bar mangwaro guda.

Alhaji ya ce an yanka shi ba bisimilla.
Gwaggo ta ce hawa huɗu ma ido ne.
Ɗanjuma ya riga ya fita, yana da aji ƙarfe biyu.

Da yamma na bi ta layin a keke mai ƙafa uku.
Yara na ta jifan mangwaron duka ukun,
ba wanda ya gaya musu wanne zai tsira.
Mu ma ba mu ce wanne ba, na duba rahoton sau biyu.

A bayan takardar ajanda na yi wani ɗan lissafi:
farashin ɗaki biyu, a raba da abin da ke saura a albashina.
Shekara hamsin da ɗaya.
Na yage shafin kafin in miƙa fayil,
kada a ce magatakarda ta sa baki.